Lodi, Ƙaddara da Alhakin Rai a Hanyar Kongolam

Duk ranar Lahadi, idan la'asar ta yi sanyi kasuwar Mai'adua ta fara watsewa, hanyar da ta haɗa Daura da Kongolam takan cika da motocin da kaya suka rufe wa jiki. Ga a-kori-kura an jera mata buhunan wake da gero har sun haura rumfar direba, an tamke su da igiya, an aza jarkoki da katifu a bisa, sannan mutane sun haye can ƙololuwa suna reto da ƙafafu, kowa ya damƙi igiyar da ke kusa da shi. Bayanta ya zauna yana neman shafar kwalta, gabanta ya ɗaga, sifirin ya miƙe sambal ba sauran lanƙwasa. Ga tirela an cika cikinta da shanu, an gitta katako a sama, masu rakiyar dabbobi da matafiyan da ba su da kuɗin bas sun jeru a kai. Can gaba kuma wata ce ta mutu a hanya, an ɗaure ta da igiyar da aka kwance daga lodi, 'yar'uwarta na jan ta, ba fitila ba alama, ga magariba ta kawo jiki. Yawancin waɗannan motoci za su isa inda suka nufa. Wadda ba ta isa ba, washegari za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidaje ana amsar gaisuwa, kuma maganar da za ta fi yawo a bakin jama'a ita ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka Allah ya ƙaddara.

Babu Musulmin da zai yi jayayya da cewa ajali a rubuce yake. Abin tambaya shi ne ko wannan gaskiya tana wanke wanda ya yi lodin. A ganina ba ta wanke shi, domin laifin ya riga ya auku tun a tasha, a daidai lokacin da aka ɗora buhun da ya fi ƙarfin motar ana sane, ko hatsari ya biyo baya ko bai biyo ba. Kongolam wuri ne da ya cancanci a yi wannan magana a kansa. Nan babbar hanyar tarayya da ta ratso Kaduna da Zariya da Kano da Kazaure da Daura ta tuƙe, daga nan sai Ɗan Barto a ƙasar Nijar, sai Matamaye, sai Damagaram. Dabbobi da wake da kanwa da dabino suna gangarowa kudu, siminti da robobi da kayan masarufi suna haurawa arewa. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agustan 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma mutanen da auratayya da kasuwa suka ɗinke tun kafin Turawa su ja layi ba su daina neman hanyar kai wa juna kaya ba. Inda sufuri ya zama abincin gari, dole a san hukuncin abin da ake yi a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Ajali bai fi son Afirka ba. Akwai abin da hannu ke yi.

Hukunci a nan ya rataya ne ga sani, saboda haka sai an fara da abin da kowane makaniki da direba ya sani. A-kori-kura irin su Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan guda ba, ko kusa da haka, wato misalin buhu 10 na mai kilo 100, kuma nauyin mutanen da ke ciki yana cikin lissafin. Idan aka ɗora mata buhu 25, birkinta bai ƙaru ba, tayarta ba ta ƙaru ba. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi, kuma wannan ƙarfi yana ninkuwa daidai da nauyi, yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Birkin da aka ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa yakan yi zafi har ya daina kamawa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi a banza. Kayan da suka zarce tayar baya suna ɗaga gaban mota, tayoyin gaba su rage riƙon ƙasa, sitiyari ya yi sakayau a hannu, a juya shi motar ta ƙi bi. Lodin da ya yi tsawo yana ɗaga tsakiyar nauyin mota sama, ta yadda ɗan kaucewa rami ko ɗan kwana ya isa ya kifar da ita. Ita kuwa taya, nauyi yana sa gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi daga ciki, ga kwaltar bazara lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ga shi da ma tayar gwanjo ce da ta gama rayuwarta a wata ƙasa. Fashewarta ba abin mamaki ba ne ga kowa a tasha. Shi ya sa ake ƙara wa sifirin ganye, shi ya sa yaron mota ke zagayawa yana bubbuga tayoyi yana watsa musu ruwa idan an tsaya. Wanda ke ƙara ganyen sifirin ya san abin da yake shirin ɗorawa.

Jan mota da igiya ma haka yake. Motar da injinta ya mutu ta rasa abin da ke taimakon birkinta, wadda ke da sitiyari mai mai ta rasa laushinsa, wanda aka zaunar a cikinta yana kokawa ne da ƙarfe. Igiya tana saki tana ɗamewa. In ta gaba ta taka birki ta baya ta afka mata, in ta fizga igiyar ta tsinke, motar ta zame ta tare hanya cikin duhu. Mai babur da ya ga rata tsakanin motoci biyu ya kutsa bai san akwai igiya a tsakani ba. Domin haka aka yi sandar ƙarfe ta ja, domin haka aka yi janwe. Tirela kuwa kai ne da jiki da ƙusa guda ta haɗa, iska ke kai birki zuwa tayoyin baya ta cikin tiyo. In tiyon yana yoyo, ko birkin bayan ya lalace aka toshe shi don a samu a wuce, jiki mai tan da yawa zai turo kai a gangara har motar ta naɗe. Idan kuma an haɗa mutane da dabbobi a ciki, ranar da abin ya faru ba a iya raba su. A watan Satumbar 2024, a hanyar Lapai zuwa Agaie a jihar Neja, tankar mai ta yi karo da babbar motar da ta ɗauko shanu da mutane tare, sama da mutum 40 suka ƙone.

Ga wanda zai ce duk da haka in kwana bai ƙare ba ba a mutuwa, in ya ƙare ko a kan gado sai a tafi, amsar ita ce gaskiya ne, amma ba a ba kowa ilimin ranar ba, an dai ba shi umarni da hani, kuma a kansu za a tambaye shi. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya nufi ƙasar Sham, da labari ya iske shi a hanya ya yi shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa komawar ma cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma ba wanda zai ce zaɓin biyu ɗaya ne. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umarta ya ɗaure taguwarsa sannan ya yi tawakkali, yara ma sun san shi. Alƙur'ani a Suratul An'am ya soki mushrikan da suka jingina shirkarsu ga nufin Allah. Daga irin waɗannan hujjoji malamai suka rarrabe wuri biyu: ana ambaton ƙaddara a kan musibar da ta sauka, don zuciya ta samu natsuwa, ba a kafa hujja da ita a kan laifin da mutum ya aikata. Matar da ta rasa miji, in ta ce haka Allah ya so, ta yi ibada. Mai motar da ya ce a ƙara buhu biyar, in ya faɗi wannan magana don a rufe zancen, ya ari kalmar da ba tasa ba ce. Kuma shi kansa bai yarda da hujjar ba. Ranar da yaron mota ya gudu masa da kuɗin lodi ba ya cewa an ƙaddara, ofishin 'yan sanda yake nufa. Yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana ƙirga canji sau biyu. Sai an zo kan ran talakan da ke bisa buhu tawakkalinsa ke cika.

Abin da ya kamata ya ba mu kunya shi ne littattafan da ake karantawa a zaurukan Daura da Zango da Sandamu da Ɓaure sun riga sun yi magana a kan wannan tun ba a san mota ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta game da abin da ta taka. Dabba kenan, mai rai da son zuciyarta, wadda takan yi tutsu; to ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai an murza makulli? A babin haya, Mukhtasar na Shaihu Halil ya bayyana cewa wanda ya hayi dabba ya ƙara mata kaya irin wanda ke iya halaka ta, ta kuwa halaka, ya zama mai lamuni. Asalin mai dako amintacce ne, ba a bin sa abin da ya lalace ba da hannunsa ba, amma wannan kariya tana faɗuwa da zarar ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma ƙarin nauyi yana cikin misalan ƙetare iyaka da malaman suka fi kawowa. Almawardi, wanda ya rasu a 1058, da ya zo lissafa ayyukan mai hisba a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya sa hana masu jiragen ruwa ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jirgi wanda ake tsoron ya nutsar da shi, da hana masu dabbobi ɗora musu aikin da ba za su iya ba. A lura da wannan da kyau: mai hisba yana hanawa ne a bakin ruwa, jirgi bai nutse ba, ba wanda ya mutu. Da laifin sai an yi hatsari yake tabbata, da ba shi da abin hanawa.

Wannan ya isa amsa ga masu ganin dokar hanya dokar boko ce, karya ta wayo ne, ba ruwan Allah da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa lodin da ya wuce kima cikin laifuffukan da take kamawa, jihar Katsina ma tana da tata hukumar ta KASSAROTA. Ko da a ce ba su nan, hukuncin yana nan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, ta ambaci ƙayyade gudu da ƙayyade lodi a cikinsu, ta kuma ce hatsarin mota yana shiga ƙarƙashin hukuncin jinayoyi, direba na da lamunin abin da ya jawo sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata. Tayar da ta fashe ƙarƙashin nauyin da ya ninka nata ba ta cikin abin da ba a iya kauce wa.

Hujjar da ta fi shiga ran direbobi ba ta malamai ba ce, ta gogewa ce. Za su ce shekara da shekaru muna wannan lodi a wannan hanya, ga mu nan da ranmu. Nan ne tunani ke yaudarar mutum, domin waɗanda abin ya ci ba su nan balle su ba da tasu shaidar. Masu magana a tasha su ne waɗanda suka tsira. Masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, sun tattauna wannan a 1976 da misalin direba: mutum biyu sun yi sakaci iri ɗaya da birki, ɗaya yaro ya gitta masa ɗaya bai gitta masa ba, sai duniya ta kira na farko mai kisa ta bar na biyu ya kwana lafiya, alhali abin da ya raba su ba a hannunsu yake ba. Shari'a ta warware wannan ƙulli ta hanyar raba abu biyu. Diyya da kaffara suna bin sakamako, sai hatsarin ya auku suke hawa kan mutum. Zunubin jefa rayukan mutane cikin haɗari kuwa yana bin aiki da sani, ya hau kan su biyun tun daga tasha. Wanda ya isa Kano lafiya da lodin da ya ninka ƙa'ida Allah ya rufa masa asiri ne, kuma rufin asiri ba shaidar halasci ba ne. Abin tsoro ma shi ne kowace tafiya da aka yi lafiya tana ƙara masa ƙarfin hali, gobe ya ƙara buhu.

Sai hujjar talauci, wadda ita ce mai nauyi, kuma duk wanda ya yi mata riƙon wasa bai san hanyar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa, man dizal kuwa ya riga shi tashi. Kayan gyara da taya da dala ake sayo su. Direba yana da balas ɗin da zai kai wa mai mota, ga kuɗin tasha, ga na kamasho, ga shingayen da kowanne sai an miƙa na goro. In ya ɗauki buhu 10 kawai, mai kaya ba zai biya shi ninki ba, zai koma ga na kusa da shi wanda ya yarda da 25. Matar da ta fito daga ƙauye da ɗan awonta ba ta da wata motar. In ba ta hau saman buhu ba ta kwana a kasuwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba abin da ya tabbatar. Ya tabbatar da cewa direba ba shi kaɗai ke da laifi ba, sau da yawa ma shi ne mafi rauni a cikin masu laifin. Bai tabbatar da cewa babu laifi ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa larura ba ta kashe haƙƙin wani, kuma sun haɗu a kan cewa ko wanda aka tilasta da barazanar kisa ba shi da izinin kashe wani don ya tsira. In tsoron mutuwa bai halatta ran wani ba, tsoron rasa balas ba zai halatta shi ba. Abin da talauci ke yi shi ne ya rarraba alhakin: ga mai motar da ya yanka balas ɗin da ya san lodin ƙa'ida ba zai fitar ba, ga attajirin da ya haɗa kayan mota biyu a ɗaya don ya rage kuɗin dako, ga ɗan kamashon da rabonsa ke ƙaruwa da kowane kai da aka cusa, ga jami'in da ya ga motar ta durƙusa ya karɓi abin da ya karɓa ya ɗaga sanda. Ribar ƙarin lodi tana shiga aljihun waɗannan, haɗarinsa kuwa yana kan wanda ke zaune a bisa, wanda ya fi kowa talauci. Wanda ke kare lodin da sunan tausayin talaka ya duba ko wane ne ake binnewa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da jini, wadda ita ma haƙƙi ce. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna lalacewar kwalta tana tashi ne da sauri ƙwarai idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ƙaru, har in nauyin ya ninka biyu ɓarnar takan kai ninki 16. Ramin da direba ke zagin gwamnati a kansa, wani kaso nasa tirelar da ta wuce jiya ce ta haƙa shi. Gwamnati na da nata alhakin na gyara da na sa ma'aunin nauyi, ba a sauke mata shi ba. Amma hanya dukiyar jama'a ce, kuma aikin mayar da hanyar Kano zuwa Kongolam tagwaye da aka ƙaddamar a farkon 2023 ba zai yi ƙarko ba in abin da zai bi ta kai bai canja ba. Sabuwar kwalta ma gudu take ƙara wa motar da birkinta bai ƙaru ba.

Wasu za su ce ai ba wanda aka ɗaure aka ɗora, kowa da ƙafarsa ya hau. Wannan ba ya tsayawa. Mutum bai mallaki ransa ba balle ya sayar da shi a kan rangwamen kuɗin mota, kuma yardar wanda ba shi da zaɓi ba cikakkiyar yarda ba ce. Jaririn da ke goye bai yarda da komai ba. Mai babur da ke tahowa daga Daura, da yaran da ke kora awaki a gefen hanya, ba wanda ya shawarce su.

Inda al'adarmu ta fi cutar da mu shi ne bayan an yi rashin. Dattawa sukan taru, a kawo direba ko mai mota ya durƙusa, a ce wa iyalan mamaci a yi haƙuri, su kuma su ce mun yafe, mun bar wa Allah, har a ga kamar neman diyya rashin tawakkali ne ko cin kuɗin gawa. Yafiya alheri ce, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta buɗe wa magada ƙofarta. Amma ayar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce ta fara wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuskure fa, wanda babu niyya a cikinsa ko kaɗan. Da ƙaddara tana share alhaki, da wannan hukunci bai sauka ba, domin babu mutuwar da ta fi kama da tsautsayi irin ta kuskure. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, wanda ya haura kilo 4 na zinariya. An yi ta da nauyi haka ne don kada jini ya yi arha. Kaffara kuwa, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu wuyan da zai 'yanta ba, haƙƙin Allah ce, yafiyar magada ba ta sauke ta. Direba nawa aka taɓa gaya wa haka a wurin sulhu? Sannan diyya gado ce, marayu suna da rabo a cikinta, kuma baffa ko kawu ba shi da ikon yafe rabon yaro ƙarami a banza. Sau da yawa abin da ake kira yafiya kunya ce da matsin lamba, manya su yi kyauta da dukiyar marayu, a tashi ana yaba musu, uwar yaran ta shiga takaba ba ta san abin da za su ci ba. Darasin da tasha ke ɗauka daga irin wannan zama a fili yake: tarar da ke rubuce a kan lodi ba ta kai kuɗin buhun wake guda ba, rai kuma ban-haƙuri ne kuɗinsa. Mai lissafi zai ci gaba da lodi.

Za a ce wane direba ne ke da kilo 4 na zinariya. Shari'a ba ta ɗora masa shi kaɗai ba. Diyyar kuskure tana kan aƙila, wato dangin da ke tsaya wa mutum, ana biya cikin shekara 3, kuma tun zamanin Sayyidina Umar aka ɗora ta a kan waɗanda rajistar diwani ɗaya ta haɗa. Majalisar Fiƙihun nan, a zamanta na Dubai a 2005, ta ce inda dangi ba sa iya ɗauka, inshorar takaful da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya suna iya tsayawa a matsayinsu. Hikimar wannan tsari ta dace da matsalarmu ƙwarai. Direba guda da ya ƙi ƙarin lodi yunwa za ta kore shi daga sana'a, domin na bayansa zai ɗauka. Amma jama'ar da ta san za ta biya tare takan tsawata wa junanta. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu manyan motoci ta NARTO suna karɓar kuɗi a kan kowane lodi, suna da rajista, suna da ikon hana mota layi. Ranar da ran da aka rasa a motar reshe ya zama bashi a kan asusun reshen, ranar shugaban tasha zai fara ƙirga buhu da kansa, kuma kuɗin dako zai daidaita a kan lodin ƙa'ida tunda ba wanda zai karya farashi da ƙarin nauyi. Kaya za su ɗan ƙara tsada, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Yanzu ma ana biyan wannan tsadar, marayu ne ke biya.

Masarautar Daura ba ta rasa waɗanda za su fara ba. Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura take, auna nauyin motocin da ke tashi daga Mai'adua da Kongolam ranar kasuwa bai fi ƙarfin ɗalibanta ba. Hisbar jihar Katsina tana da hujja daga littattafan hisba kansu ta tsaya a bakin tasha. Hakimai da dagatai da ake kira zaman sulhu su daina rufe zama ba a ambaci rabon marayu da kaffara ba. Ku kuma malamanmu, limaman Juma'a na Kongolam da Mai'adua da Daura, direbobi da masu motoci da 'yan kamasho a sahunku suke kowane mako, kuma abin da ba su ji daga jami'in hanya ba za su ji daga bakinku. Ku karanta musu babin lamuni da na diyya kamar yadda kuke karanta musu babin alwala, ku gaya musu da Hausa cewa ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta da haɗa mutane da shanu da jan mota da igiya cikin dare haramun ne, ko an isa lafiya.